Sunan da Na Kira a Kasuwar Kan Ruwa

Ƙarshen kaka ne, sanyi ya fara shigowa. A shekarar nan gyaɗa ta yi albarkar da tsofaffi suka ce rabonsu da ganin irinta tun suna yara. Duk inda ka bi a ƙasar Gwarzo da Kabo ƙarar sussuka kake ji da dariyar mata. Jakuna sun rame saboda jigilar buhuna, masu jakunan kuwa sun yi kumatu. Cikin wannan jin daɗi ne ƙungiyar manoman gyaɗa ta yankinmu ta ce za ta kai waɗansu mutanenta su ga inda gyaɗarsu take ƙarewa, can kusa da teku, a wani gari da ake kira Burutu. Aka ce a haɗa da mata biyu daga ajinmu na yaƙi da jahilci, don su dawo su ba saura labari. Malamarmu ta tambayi wa ke so. Ni da ba na cika magana a aji ba, sai na ga hannuna a sama.

Bari in faɗi dalili tun yanzu, kada ku ɗauka jirgin ruwa nake marmari. 'Yar farina tana can.

Mu asalinmu makiyaya ne, ko da yake mun zauna a Kutama mun kama noma. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa gaban mutane, ba a tambayar lafiyarsa. Ana yaye ta uwar mijina ta ɗauke ta. Ta tashi tana ce mini Adda, kamar ni yayarta ce, ni kuma idan ina son a kira mini ita sai in ce, “Ina yarinyar nan?” Da ta girma ta auri wani mutumin Kabo mai fataucin kanwa, da son ranta, ya tafi da ita kudu. Damina biyar ke nan. Labarinsu sai a bakin fatake: suna Burutu, suna lafiya. Ban taɓa tambayar bafatake ko ɗaya ba. Sai dai in laɓe bayan zana ina tsince shinkafar da na riga na tsince.

Macen da ta ɗaga hannu bayana ita ce Ladi mai ƙuli, taubashiyata, wadda take aure a Dugabau. Ladi idan ta yi magana a ƙofar gidansu ana jin ta a rafi. Muna fitowa daga aji ta ja ni gefe.

“Na san abin da zai kai ki, Bafillatana. Kada ki damu. Ke ki riƙe kunyarki, ni in riƙe tambaya. Ni ce bakinki.”

Na ce mata ni dai teku zan gani. Ta ce to, Allah ya sa tekun ta gane ki.

Daga Kutama zuwa Kano

Mun tashi kafin asalatu. Malam, maigidana, bai ce mini komai game da tafiyar ba tun da ya ba da izini, domin shi ma kunyar da ke kaina ita ke kansa. Amma ina ɗaure kaya sai ya shigo da wani ɗan gora an toshe bakinsa da kyau. Soyayyen man shanu ne da na ajiye. Ya sa shi can tsakiyar zannuwana.

“Na Goshi ne,” in ji shi. “A kula kada ya zube.”

Goshi saniya ce mai farin tabo a gaba, 'yar karsanar da kakan yarinyar ya ba ta ranar suna. Bai ce a kai wa wa ba, ni ma ban tambaya ba.

A Gwarzo muka yi sallar asuba, muka hau motar gyaɗa. Maza suka hau kan buhuna, mu mata aka sa mu gaba kusa da direba. A Kabo muka ɗauki shugaban tafiyar, Alhaji Sule, da wani dattijo, Malam Habu na Kara, wanda zai riƙa ja mana salla. Direba ya dubi ƙullin kayan Ladi ya ce, “Iya, ƙaura za ki yi?” Ta ce ƙuli ne, kuma idan motarsa ta mutu a hanya shi zai ci ya tura ta. Kafin mu kai Rimin Gado ya cinye guda shida.

A bakin birni 'yan doka suka tsayar da mu, suka duba takardar Alhaji, suka ce kowa ya nuna lambar allura a damtsensa. Hantsi ya yi muka isa tashar jirgi. Na sha jin labarin dalar gyaɗa, amma ji daban gani daban. Buhuna ne aka jera har sai ka riƙe ɗankwali kafin ka ga ƙarshensu, ga 'yan ɗauka suna hawa a guje da buhu a ka kamar tururuwa. Na tsaya ina tunanin yawan hannuwan matan da suka ɓare wannan duka.

A jirgin ƙasa

Da la'asar jirgi ya ja. Benci ne na katako, ga hayaƙi yana shigowa ta taga yana sa wa farar rigar Alhaji ɗigo-ɗigo. Muka wuce Zariya, muka wuce Kaduna muna gyangyaɗi. A kowace tasha mata na miƙo abin sayarwa ta taga, dafaffen ƙwai, rake, doya soyayya. Tun daga nan na lura ƙasa tana sake kama. Kuka ta ɓace, dawa ta ragu, ciyawa ta fi mutum tsawo.

A Minna muka sauka muka jira wani ƙaramin jirgi mai zuwa Baro. Shi wannan ba ya sauri ko kaɗan. Wani daga cikin mazan ya sauka ya kama ruwa, ya biyo shi da ƙafa ya hau. Muka ratsa fadamun shinkafa na ƙasar Nufe, inda muka sayi shinkafa da wake a ganye, kwabo-kwabo. Ni a duk tasha sai na sa hannu cikin kaya na taɓa goran nan.

Baro da Kogin Kwara

Ban san ruwa yana yin faɗi haka ba. Mu da muka saba da rafin da yaro ke tsallakewa da rani, sai ga kogi mutumin da ke ɗaya gaɓar ya koma kamar ƙuda. Jirgin da za mu shiga yana da wani ƙaton abu a baya mai juyawa yana dukan ruwa, an kuma ɗaura masa manyan kwalekwale na ƙarfe a gefe, shaƙe da gyaɗa. Muka shimfiɗa tabarmi a sarari ƙarƙashin rumfa, tare da Nufawa da Kakanda da mutanen da ban san yarensu ba.

Rigimar farko ta alƙibla ce. Malam Habu ya dubi rana, ya tsayar da sahu, ya kabbara. Kafin ya kai ruku'u kogi ya yi kwana, jirgi ya bi shi, sai ga mu muna fuskantar yamma. Da aka sallame wani ya ce a sake. Sai Malam Habu ya ce, “Inda muka ɗaura niyya nan muka nufa. Wanda ya juya jirgin shi za a tambaya.” Daga ranar matuƙin jirgi, wani Banufe mai fara'a, idan ya ga za mu tayar da salla sai ya leƙo ya ce, “Malam, ku ɗan jira, akwai kwana a gaba.”

A Lakwaja muka ga inda Binuwai ya haɗu da Kwara. Ruwa biyu ne, launi biyu, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su gauraya ba sai can gaba. Ladi ta ce ai ni da yarinyar nan ke nan. Na yi kamar ban ji ba.

Ita Ladi kuwa jirgin nan ya zama gidanta. Ta yi ƙawance da matan Nufawa ba ta jin yarensu ba su jin nata, kowa na ɗaga murya don ɗaya ta gane. Ta yi ciniki daga kan jirgi a Idda, ta yi faɗa a kan kuɗin ayaba a Anaca, da yamma kuma ta yi ta waƙa tana bin kiɗan abin dukan ruwa. Na ce, “Ladi, ki rufe wuyanki, iskar ruwa ba irin tamu ba ce.” Ta ce ita sanyi tsoronta yake. Muna barin Anaca na ji muryarta ta fara kamar ta zakaran da ya sha ruwan sama.

Daga nan sai kogi ya fara rarrabuwa. Ya rabu biyu, kowane ya sake rabuwa, kamar saiwar gamba. Ƙasa ta ɓace. Itatuwa ne tsaye cikin ruwa, saiwoyinsu a waje, kamar mata sun tattare zane za su ƙetare rafi. Gidaje a kan sanduna. Yara ƙanana da ba su isa kiwon awaki ba suna tuƙa kwalekwale su kaɗai, suna ɗaga mana hannu.

Burutu

Da hantsi muka iso. Nan muka ga jiragen teku, waɗanda namu ya zama kamar ɗan tsako kusa da su. Wata ƙugiya tana saukowa daga sama ta kwashi buhuna goma a lokaci guda ta jefa cikin jirgi. Mazanmu suka tsaya suna kallo. Sai wani mutumin Dugabau ya nuna sama ya ce wallahi ga buhunsa can, ya gane ɗinkin bakinsa. Alhaji Sule ya ce to ya yi masa sallama, don Ingila za shi, ba kuma zai aiko ba.

Aka sauke mu a zango, gidan sarkin Hausawan garin, wani dattijo Bakatsine da ya daɗe a can har yana jin yaren mutanen. Matansa suka kawo mana tuwon rogo mai danƙo da miyar kifi ja wur da manja. Na ci kaɗan. Idona yana kan ƙofa, duk macen da ta gifta sai na bi ta da kallo.

Bayan azahar muka je gaishe da sarkin. Ladi ta cika alkawari. Da ragowar muryarta, kamar ana jan tabarma a kan yashi, ta tambayi mai kanwa ɗan Kabo da iyalinsa. Ni ina gefe ina duban ƙafata.

“Ayya,” in ji sarki. “Ai sun tashi tun bara. Ya koma sayen busasshen kifi, sun shiga can cikin lungunan ruwa. Ƙauyen nasu sai wanda ya san hanya, kuma yini guda ne. Amma uwargidan tana zuwa kasuwar kan ruwa da fura, don ita kaɗai ke yin ta a nan. Kasuwar jibi take ci. In kun dace, to.”

Alhaji ya ce kasuwar tana cikin wuraren da aka shirya kai mu, kuma washegarinta jirginmu zai juya. Sarki ya dube ni, ya dubi Ladi. Mutum ne mai hankali. Sai ya ce wa Ladi, “Ki gaya wa mai tambayar cewa yarinya tana lafiya, kuma an shaide ta da kirki.” Na ji kamar in nutse cikin tabarma, amma na ji daɗi.

Ƙauyen manja

Kashegari aka ɗauke mu a ƙaramin jirgi mai inji aka zaga da mu ƙauyuka. Mun ga yadda mutum ke hawa kwakwar manja da igiya a ƙugu, ya saro nonon manja ya faɗo tim. Mun ga ana zuba 'ya'yan dafaffu cikin wani dogon kwami, maza su shiga suna tattakawa suna waƙa, man yana tasowa ja. Na ce a raina ashe kowa da irin matsar mansa. Matan wurin suka ba mu mu taɓa, ni kuma na nuna musu da hannu yadda muke murza tunkuza, suka yi ta dariya suna kwaikwayona.

Mun ga gonar roba, itatuwa a jere an tsaga jikinsu, fari yana ɗiga cikin ƙoƙo. Wani cikinmu ya ce ashe su ma suna tatsa. Mun ga rumfunan ƙyafe kifi, da inda mata ke dafa ruwan toka har ya zama gishiri.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne ruwan kansa. Da muka sauka a ƙauyen, jirgi yana daidai bakin matakala. Da muka dawo sai muka tarar da shi zaune cikin taɓo, ruwa ya tafi. Muka tsaya cirko-cirko. Mai jirgi ya ce mu zauna mu sha ruwan kwakwa, zai dawo. Haka kuwa aka yi, ya dawo a hankali ba hadari ba ruwan sama. Wai kullum haka yake yi, safe da yamma. Malam Habu ya daɗe yana kallo, ya ce, “Wannan shi ma yana da lokutan sallarsa.”

Da muka koma masauki na dafa wa Ladi citta da kanumfari. Ta sha, ta nuna mini da hannu cewa gobe garau za ta tashi.

Kasuwar kan ruwa

Gari ya waye Ladi ta buɗe baki, ko iska ba ta fito da ƙara ba. Ta gwada, ta sake gwadawa, ta dafe ƙirji. Matar da ake ji daga Dugabau har rafi. Mazan suka yi ta yi mata barka, Alhaji ya ce yau dai za a ji kukan tsuntsayen ƙasar nan. Ni ban yi dariya ba.

Kasuwar tana wani fili ne na ruwa inda lunguna da yawa suka haɗu. Sarkin zango ya riga ya gaya mana ƙa'idarta: tana ci ne idan ruwa ya cika, da ya fara janyewa kowa zai kama hanya a lokaci guda, don wanda ya yi jinkiri taɓo zai tare shi. Jirgi mai inji ba ya shiga ciki, saboda haka aka rarraba mu cikin ƙananan kwalekwale, mutum biyu-biyu. Ni da Ladi muka samu wata mata ƙaƙƙarfa mai tuƙi, ba ta jin Hausa ko ta sannu.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ku ɗauki kasuwar Gwarzo ranar da ta cika, ku ɗora ta a kan ruwa, kowace rumfa tana motsi. Kwalekwale ya gogi kwalekwale. Wannan tulin agada ne, wato babbar ayaba, wancan garin rogo fari da ja, wancan tukwane, wancan kifi a murɗe kamar gammo, wancan jatan lande da ƙananan dodon koɗi. Har ruwan sha ana sayarwa a randa, don na kogin gishiri ne. Akwai mai ɗinki da kekensa a cikin jirgi. Akwai mai murhu tana soya abu, wuta tana ci a kan ruwa. Mai saye ta riƙe gefen jirgin mai sayarwa da ƙafa har a gama ciniki. Kusan duk mata ne, kuma kowa da kowa magana take yi.

Ladi ko ba murya ba ta fasa ba. Ta ɗaga ƙuli, ta nuna kifi, ta ɗaga yatsu. Wata ta gutsura, ta tauna, ta kira 'yan uwanta. Nan da nan ƙulin Dugabau ya ƙare, gabanmu ya cika da kifi da kwakwa. Ni dai goran man shanu yana kan cinyata, idona yana yawo. Mun zaga gefe guda, mun zaga ɗaya. Ban ga mai fura ba.

Can sai na ga sandunan da aka kafa a gefe sun fara nuna jiƙaƙƙen jikinsu. Ruwa ya juya. Mata suka fara ɗaure kaya, jirage suka fara warwatsewa kowa na nufar lungunta. Mai tuƙa mu ta nuna wajen jirgi mai inji, ta juya kan kwalekwale.

A lokacin ne na ga faifan. Faifai ne a kan ƙwarya, cikin wani ƙaramin jirgi da ya riga ya ba mu baya. Baƙi da ja, da tauraro a tsakiya wanda ƙafarsa ɗaya ta fi saura tsawo. Ni na saƙa shi, na kuskure ƙirga, na ba uwar mijina ta sa cikin kayan ɗakin yarinyar kamar daga wurinta ya fito. Sannan na ga wuyan mai tuƙin, dogo, ɗan karkace, irin na ubanta. Da goyo a bayanta. Tana tuƙi kamar a nan aka haife ta, tana nufar wani lungu, ruwa kuma yana taimakonta.

Na damƙi hannun Ladi na nuna. Ladi ta miƙe har jirgi ya yi tangaɗi, ta buɗe baki iyakar ƙarfinta. Babu. Ta ɗauki kwano tana bugawa a gefen jirgi, amma rabin kasuwar bugun abu suke yi. Ta juya wurin mai tuƙi tana motsa leɓe, matar ta ɗauka tsoron ruwa take ji, ta kama zanenta ta zaunar da ita.

Na ce, “Ke.” Ko Ladi da ƙyar ta ji. Na ce, “Ke yarinyar nan.” Wata mai agada ta waiwayo ta yi mini murmushi.

Tana kusa da bakin lungun. Bayan itatuwan nan ba a ganin kowa. Ladi ta kama fuskata da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa, ta nuna bakina.

To, na kira ta.

Ba zan rubuta sunan a nan ba, sau ɗaya ya isa. Amma na kira shi cikakke, yadda liman ya raɗa shi, da muryar da muke kiran shanu da ita daga nesa sa'ad da nake yarinya, wadda ban san tana nan ba. Kasuwar ta yi tsit ta wajenmu. Filafilin da ke hannunta ya tsaya a sama, ruwa yana ɗiga. Ta waiwayo a hankali.

Mai tuƙa mu ba ta buƙaci tafinta ba. Ta sa ƙarfi, ita ma yarinyar ta juyo, jirage biyu suka haɗu. Ta riƙe gefen namu da ƙafa yadda matan wurin suke yi. Ta dubi Ladi, ta dube ni, ta sunkuyar da kai.

“Adda,” in ji ta. “Ashe kin san sunana.”

Na ce, “A bakin mutane nake ji.”

Sai ta yi dariya tana share ido da gefen mayafi, Ladi kuwa tana ta dukan cinyarta ba ƙara. Daga nan kunya ta dawo mana mu duka biyu. Ta gaishe da Ladi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi Dugabau gida-gida, Ladi tana gyaɗa kai. Ni aka kwance goyo aka miƙo mini. Namiji ne, mai nauyi, ya kama ɗan kunnena nan take. Sai na samu wanda zan yi wa magana.

Na ce masa, “Kai, gaya wa mutanen gidanku sun rame.”

Uwarsa ta ce wa Ladi, “Gwaggo, ki gaya wa Adda tuƙi ne, ba yunwa ba.”

Na ce masa, “Wa ake ce maka?”

Ta sake duban Ladi. “Sunan Baffa aka sa masa.” Wato Malam, maigidana. Ladi ta nuna ni, ta nuna yaron, ta rufe bakinta da tafi, har ta kusa faɗawa ruwa don dariya. Na zo tun daga Kutama na sauke suna ɗaya, ga wani an miƙo mini wanda shi ma ba zan iya faɗa ba. Na ce to, angona ne, shi ke nan.

Na ajiye goran a cikin jirginta. Ta buɗe ta sansana, ta daɗe ba ta ɗago ba.

“Goshi tana nan?”

Na gaya wa yaron cewa tana nan, ta haihu uku, biyu mata.

Ta dama mana fura a ƙwaryar, da ruwan kwakwa don babu nono, muka sha a tsakiyar ruwa. Mai tuƙa mu ma ta sha, ta yamutsa fuska, ta ƙara. Ba mu daɗe ba, taɓo ya fara leƙowa a gefe, yarinyar kuma hanyarta da nisa. Ta ce mijinta ya yi niyyar kawo su gida bayan damina mai zuwa. Ta kwashi kifi ta zuba mana, sannan ta kwance wani ƙullin ganye daga bakin zanenta, gishirin ƙasar ne. Wannan karon ba ta bi ta wurin Ladi ba. Ta sa mini a hannu.

“Adda, ki ba Goshi.”

Na goya mata yaron da hannuna, na ɗaure zanen sosai. Muka tsaya har itatuwa suka rufe ta.

Komowa

Dawowa ta fi tafiya daɗewa, don jirgi yana hawan ruwa ne, ɗauke da gishiri da atamfa da kwanon rufi. Muryar Ladi ta dawo daidai Lakwaja, kuma abin da ta fara yi da ita shi ne ba da labarina. Kafin mu kai Baro har matuƙin jirgi ya sani. A bakinta, wai da na yi kiran sai da tsuntsaye suka tashi, wata mata ta saki tukunya. Malam Habu ne ya ce ta bar ni haka, ya ƙara da cewa shi bai taɓa karanta inda aka hana kiran sunan ɗan fari ba.

Daga Baro jirgin ƙasa, daga Kano motar gyaɗa, ga mu a Gwarzo da la'asar sakaliya. Na iso Kutama ana kiran magariba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu ba wanda ya yi ko ciwon kai, in ban da maƙogwaron Ladi. Ina gode wa ƙungiya, da Alhaji Sule da ya yi haƙuri da mu, da Malamarmu da ta koya mini riƙe alƙalamin nan, da wata mata mai tuƙi da ban san sunanta ba.

Bayan an watse 'yan sannu da zuwa, Malam ya zauna ya tambaye ni jirgin ƙasa. Ya tambayi kogi, ya tambayi jiragen teku, ya tambayi ko da gaske ne ruwa yana tafiya ya dawo. Sai da ya tashi zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa ya ba ni baya.

“Man bai zube ba?”

Na ce bai zube ba, ya isa. Na ce kuma akwai mai sunan wani a can, yana da ƙiba, yana jan kunne. Ya ce madalla, ya fita.

Washegari da sassafe na ɗauki ƙwaryar tatsa da ƙullin ganyen na nufi garke. Na tarar da Malam a can yana gyara igiyar da ba abin da ya same ta. Labarin Ladi ya riga ni isowa, kamar yadda na zata.

“An ce kin ɗaga murya a can.”

Na ce an faɗa daidai.

Ya ci gaba da murza igiya. Can ya ce, a hankali, “Da nauyi?”

Na ce, “A'a. Kamar sauke tulu ne.”

Ya gyaɗa kai. Na kwance ganyen, na raba gishirin biyu, na zuba masa rabi a tafinsa. Goshi ta lashe nawa tas, sannan ta juya wurinsa.